Jirgin da Ba Shi da Ribas

Kifi suka je saya, ba wani abu ba. Washegari da asuba Kwaji zai kama hanyar Fatakwal da iyalinsa, matarsa Salomi kuwa ta ce ba za ta bar Mubi ba sai da busasshiyar tarwaɗa cike da kwali, wai kifin can ruwan gishiri ya cinye masa ɗanɗano. Shi ya sa bayan la'asar suka tari Keke zuwa wajen Mayo Bani, inda kogin Yedzaram yake fasa gaɓa duk watan Satumba ya shanye fadama, har ka rasa inda gona ta ƙare da inda kogi ya fara.

Kwaji direba ne a kudu, shekararsa goma sha huɗu a can. Shekara goma sha ɗaya da aurensu babu ko ɓatan wata. Sun sha addu'a, sun sha saiwa, sun sha baƙar magana wajen dangi, sai bara Allah ya kawo 'ya mace suka sa mata Divine. Ita suka kawo gida a gani. Watanta takwas, kumatu kamar an ɓoye ƙosai a ciki. Kwaji ba ya barin ƙuda ya huta a kanta. Har wata jakar goyo ta 'yan birni ya saya, mai maɗauri a kafaɗa, yana rataya yarinyar a ƙirjinsa yana yawo da ita cikin gari, ko a jikinsa.

A bakin fadamar suka tarar da yayansa Tizhe.

Tizhe mai walda ne, irin mutanen nan da in sun ga abu sau ɗaya a waya ba sa barci sai sun ƙera shi. Wani bidiyo ya gani na Turawa suna yawo a kan ciyawar ruwa cikin jirgi mai ƙatuwar fanka a baya, ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ya haɗa falankin ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen ciki, ya ɗora masa injin tsohuwar Starlet, ya sa kafinta ya sassaƙa masa fukafukai biyu na maɗaci, ya kewaye su da kejin rodi kamar wanda zai kiwata kura. Benci ɗaya a gaba na fasinja, kujera ɗaya mai tsawo a baya ta direba. A gefe ya rubuta da jan fenti: SAI GABA. Damina biyu ke nan yana ɗibar baƙi da ɗaliban jami'a yana zaga fadama da su suna ɗaukar hoto.

Da ya hango ƙanensa da yarinya a ƙirji, sai ya dafa kejin ya fara dariya tun daga nesa.

"Kwaji, kai ne ka haife ta ko madam?" in ji shi. "In nono ne ya rage maka, zo shago gobe in yi maka walda."

Matan da ke sayar da kifi suka kwashe da shewa. Wata ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin namiji da ciki a waje ba, wata ta tambaya ko wankan jegon ma shi ya yi. Kwaji ya yi dariyar yaƙe, kunnuwansa suka yi zafi. A Fatakwal ba mai kallonsa, amma nan gida ne, kuma gida ba ya raga wa kowa. Ya kwance maɗaurin ya miƙa wa Salomi yarinyar, ya ce kafaɗarsa ce ta gaji. Salomi ta sunkuya, ta ɗora ta a baya, ta ja zani ta ƙulle a ƙirji, ta ƙara majanyi a kai. Jakar 'yan birni kuwa aka cusa ta cikin kwalin kifi.

To, an sayi kifi, an yi ciniki an gama. Da sun juya a nan, da babu labari.

Tizhe ya ce atabau ba za su tafi ba su shiga jirginsa ba. Duk Mubi an shiga, a ce ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya koma kudu bai ɗanɗana ba? Minti ashirin kawai, kafin rana ta faɗi sun dawo. Salomi ce ma ta fi ɗoki. Maƙwabtanta a can sun ishe ta da cewa Arewa babu komai sai yashi da awaki, tana so ta kai musu hoto su ga ruwa har ƙarshen ido.

Mai kifin da suka saya wajensa wani tsoho ne, Baba Kalibu, wanda ya tsufa a cikin kwale-kwale har ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar gindinsa. Yana jin maganar shiga ruwa ya daina ɗaure kwali. Ya dubi rana, ya dubi bayan Salomi, sannan ya ce wa Tizhe lokaci ya ƙure, kuma ruwan bana ya motsa ciyayi, hanyoyin jiya ba su ne na yau ba. Ya juya ga Kwaji, tun da shi ne baƙo, ya gaya masa abin da kowane masunci a wurin ya sani tun yana yaro. Can ciki akwai inda suke kira Zaure. Za ka ga ciyawar kacala ta miƙe dama da hagu kamar katanga biyu, kwaɗi su yi tsit. Ƙofar gidan wasu ce. Ba a shiga. In tsautsayi ya shigar da kai, ba a ihu, ba a gudu, kuma ba a juyawa. Da baya-baya ake fita, fuska na kallon masu gida, kamar yadda ake fita daga gaban manya. Don duk abin da yake bayanka lokacin da ka juya musu shi, in suna so, ya zama nasu. Wani ya bar gorarsa a can, wani ya bar kamun kwana uku, wani Bafulatani ya bar saniyar da ke iyo a bayan jirginsa. Shi ya sa masunta suke tara kayansu a gaba.

Tizhe ya ce shi jirginsa ba shi da birki balle ribas, abin da ya wuce ya wuce. Tsohon ya miƙa masa doguwar gwangwalar da yake tura kwale-kwale da ita, ya ce ko ita ce ya ɗora a gefe. Tizhe ya ce a ga injin mota da sandar makaho a gefe, ai sai yaran gari su sa shi a waƙa.

"Mutumin dutse," in ji Baba Kalibu, yana mayar da sandarsa, "me ka sani da ruwa in ba na randa ba?"

Aka sake dariya. Har da Kwaji.

Kafin a tashi Tizhe ya buɗe wani gwangwanin madara ya raba musu auduga su toshe kunne, don fankar nan in ta tashi ko ƙaho ake busa maka ba za ka ji ba. Salomi ta cusa tata da kyau. Kwaji ya murza 'yan ƙanana guda biyu ya sa wa Divine, ya ja mata hular ulu ta rufe kunnuwan. Ta kama yatsansa za ta kai baki, ya zare a hankali.

Injin ya yi tari sau biyu ya kama.

Kai, abin da daɗi, ba za a yi masa ƙarya ba. Jirgin ba ya tsaga ruwa, shafarsa yake yi. Ya hau kainuwa ya wuce, ya hau bado ya wuce, ya bi ta kan gonar masarar wani da ruwa ya cinye, kawunan karan suna karce cikin ƙarfen. Balbelu suka tashi fari fat kamar an watsa takardu. Wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya ya manta da girmansa ya kwasa da gudu. Rana ta yi ja a kan duwatsun yamma, ruwan duk ya zama kamar manja. Salomi tana ɗaga waya tana dariya, bakinta a buɗe, ba a jin sautin. Divine ta kwantar da kumatu a bayan uwarta, barci ya ɗauke ta cikin wannan ruri.

Kwaji bai manta da maganar walda ba. Ya waiga ya dubi yayansa a kan doguwar kujera, ya taɓe baki, ya yi alama da hannu irin ta direbobi: wannan ne gudun? Ya nuna tafiyar kunkuru da yatsunsa a kan gwiwa.

Tizhe ya washe haƙora ya taka.

Goshin jirgin ya ɗaga. Iska ta fara fitar musu da hawaye. Suka bar buɗaɗɗen ruwa suka faɗa wata hanya tsakanin ciyayi, suka karya hagu, suka karya dama, gindin jirgin yana zamewa a kowace kwana kamar mota a laka. Kwaji yana ta tafi. Sai a kwana ta huɗu ko ta biyar ya lura ciyawar ta yi tsawo. Ta fi kansu. Ta fi kan Tizhe. Ta fi kejin fankar. Kuma ta miƙe sambal dama da hagu, ba ko ɗaya da ya karkace, kamar an daidaita ta da igiyar magini.

Ya waiga. Dariyar ta bar fuskar Tizhe.

Tizhe ya kashe injin.

Fankar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, tana rage gudu. Fat, fat, fat. Fat. Ta tsaya. Amma jirgin bai tsaya ba, don ba shi da abin tsayawa. Ya ci gaba da sulalewa tsakanin katangun nan biyu, a hankali, kamar ana jansa da zare.

Kwaji ya cire audugar kunnensa.

Babu kwaɗo. Babu tsuntsu. Ko sauro ɗaya babu, a fadama, da magariba. Abin da yake ji kawai ƙarfen injin yana hucewa, ƙas, ƙas, da numfashin yayansa a saman kansa.

Sai wari ya iso. Hayaƙin itace ne, da tafasasshen ruwa mai ganyen darbejiya, irin na gidan da aka yi haihuwa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani, mai sanyi. Warin sabuwar ƙasa da aka tono.

Katangun suka buɗe.

Fili ne zagayayye, kamar tsakar gida. Ruwan a kwance, baƙi, babu ko ganye ɗaya a kai. An share shi. Ga sawun tsintsiya nan a kan ruwan, layi-layi, kuma bai rufe ba.

Jirgin ya tsaya a tsakiyar ƙofa.

Mata ne zaune a kewaye. A kan ruwan suke zaune, ƙafafu a miƙe, kamar a kan tabarma. Sun lulluɓe kawunansu, sun sunkuya. Kowa ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ya san wannan zama. Ɗaya ce kawai a tsaye, a tsakiya, doguwa. Ta ɗaure zanin goyo a ƙirji, tana jijjiga jiki hagu da dama, ta kai hannu baya tana bubbugawa.

Taf. Taf. Taf.

Ƙarar tafin hannu ce a kan zanin da babu kowa a ciki.

Salomi ta sauke waya. Kwaji ya ga leɓunanta sun fara motsi, ta rufe ido gam, ta kama ƙullin zaninta da hannu biyu.

Ya ɗan karkata kai baya, bai ɗauke ido daga matan ba.

"Yaya," ya ce cikin raɗa. "Da baya."

"Babu ribas."

"Sanda."

Tizhe ya kawar da kai. Sandar tana can hannun Baba Kalibu.

Kwaji ya zame daga benci ya durƙusa. Ya zura hannuwa biyu cikin ruwan ya fara turawa gaba, don jirgin ya ja baya. Ruwan sanyi kamar na firji. Ya tura, ya tura. Ƙarfe da injin mota ba su san ana yi ba. A turawa ta huɗu wani abu ya riƙe wuyan hannunsa daga ƙasa. Ba da ƙarfi ba. A hankali aka ɗaga hannun aka fitar da shi daga ruwa aka ajiye masa a bakin jirgi, yadda ake cire hannun yaro daga kwanon manya.

Bai sake mayarwa ba.

Taf. Taf.

Shirun ne ya tashi Divine. Ta motsa, ta yi miƙa, ta yi ɗan ƙaramin sautin nan da take yi in ta farka tana neman fuskar da ta sani.

Bubbugawar ta tsaya.

Doguwar matar ta ɗago kai. Fuskarta ba abin tsoro ba ce, da ma ita ce da sauƙi. Fuska ce irin wadda za ka wuce a kasuwa ba ka waiga ba, sai dai idanun sun kumbura da kuka, kuma ba sa ƙiftawa. Ba ta dubi Kwaji ba. Ba ta dubi Tizhe ba. Salomi ma ba ita take kallo ba. Ta karkata wuya gefe, tana ƙara karkatawa, tana son ganin abin da ke bayanta.

Zaunannun suka ɗago kai su ma, ɗaya bayan ɗaya.

Nan Kwaji ya gane. Muddin jirgin yana fuskantarsu, jikin Salomi ne katanga. Amma hanyar fita ɗaya ce jirgin nan ya sani: juyawa.

Ya kai hannu ƙirjinta zai kwance ƙullin ya dawo da yarinyar gaba. Yatsunta sun daskare a kai kamar an yi musu walda. Ya kai baki kunnenta.

"Maman Divine. Ba ni ita."

Auduga ce a kunnen. Ya ciro ta.

"Ba ni ita. Gaba. A gaba za ta zauna."

Ta girgiza kai, ido a rufe. "Za su gan ta," ta ce. "Bar ta a baya, za su gan ta."

"Sun riga sun..."

Matar ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya. Ruwan bai motsa ba.

Ta yi na biyu.

Warin ƙasar nan ya cika masa maƙogwaro. Ya ja majanyin, ya sa haƙori a ƙullin. Zanin ya jiƙe da feshin ruwa, ƙullin ya ƙara tsukewa.

Taku na uku. Yanzu yana jin numfashinta, irin na wanda ya daɗe yana kuka, mai shessheƙa a ƙarshe.

A saman kansa ya ji makulli ya juya.

"Yaya, kar ka juya!"

Fankar ta haɗiye maganar.

Tizhe ya tura sandar sitiyari har ƙarshe. Gindin jirgin ya fara zagayowa. Kwaji ya juya a kan gwiwoyinsa yana bin matan da fuska, ya kama kafaɗar Salomi zai juyo da ita tare da shi. Ita kuwa ta yi abin da kowace uwa za ta yi in ta ji tsawa. Ta duƙa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyinta, ta ƙanƙame ƙarfen benci.

Bayanta ya miƙe sama, a fili, kamar tire.

Jirgin ya gama juyawa.

Iskar fankar ta kwantar da kacala dama da hagu, ta tayar da ruwa. Mayafin matan ko gezau. Ta tsakanin rodin keji da inuwar fukafukai Kwaji yana ganin doguwar. Ba ta bi su ba. Ba ta miƙa hannu ba. Sunkuyawa kawai ta yi gaba kaɗan, ta ɗan yi tsalle da kafaɗa, ta ja bakin zaninta sama ta sake ƙullewa, yadda mata suke yi in goyo ya zame.

Ƙananan ƙafafu biyu ne a kwankwasonta.

Ɗaya da safa ruwan ɗorawa. Ɗaya babu.

Ciyawa ta rufe.

Kwaji ya sauke ido kan bayan matarsa. Ga tudun goyon nan. Ga hular ulu ta leƙo. Ya ce a ransa idonsa ne, fanka ce, duhu ne. Hannunsa yana nesa da zanin da bai fi taƙi ɗaya ba.

Bai taɓa ba.

Suka fito buɗaɗɗen ruwa, bai taɓa ba. Suka wuce gonar masara, bai taɓa ba. Muddin bai taɓa ba, tana nan.

Ana kiran sallar magariba daga wata ruga can nesa jirgin ya daki laka ya tsaya. Matan kifi sun watse. Baba Kalibu ne kaɗai a bakin ruwa, tsaye, da tocila a hannu bai kunna ba. Tizhe ya sauko daga kujerarsa ya zauna daɓas cikin taɓo.

Salomi ta taka ƙasa, ta ja dogon numfashi, har ta yi ɗan murmushi.

"Yesu, na gode," ta ce. "Ko kuka ba ta yi ba."

Ta kai hannu baya ta bubbuga.

Zanin ya lotsa. Ruwa mai ɗumi ya kwararo ta bayan ƙafafunta. Hular ta faɗo cikin laka, 'yan audugar nan biyu suka gangaro daga ciki, sai safa ɗaya. Ƙullin yana nan a ƙirjinta yadda ta ɗaure shi, da shatin haƙoran mijinta a jiki.

Ihun da ta yi, har yau akwai waɗanda ba sa son a tuna musu.

Kwana tara masunta suna bin fadama da koma da ƙugiya. 'Yan sanda suka rubuta cewa yarinya ta zame ta faɗa ruwa, suka riƙe Tizhe mako biyu suka sake shi. Ya dawo ya sa wuta ya yanka jirgin gunduwa-gunduwa, tun daga nan ƙofa da taga kawai yake ƙerawa, kuma ba a sake jin ya zolayi kowa ba. Fasto ya zo da 'yan coci suka yi azumi a bakin ruwa. Maƙwabcinsu Malam Rufa'i ya kawo rubutu, aka karɓa, don mai nema ba ya zaɓen ƙofa. Baba Kalibu ya shiga da Kwaji cikin kwale-kwale sau goma sha ɗaya, suna zagaye har duhu. Kacala ce kawai, da kwaɗi, da sauro. Tsohon ya ce masu gida sun rufe ƙofa, kuma shi bai taɓa jin an mayar da ko gora ba.

Motar Fatakwal ta tafi babu su. Aikin ma ya bi ta.

Abin da ya riƙe su a Mubi shi ne wannan. A rana ta uku, da magariba, Salomi tana zaune a bakin fadama, nono ya cika mata ƙirji har zazzaɓi ya kama ta. Ta gyara zama. Ta tallafo hannu a kan cinya, babu komai a kai. Kwaji yana kallo ƙirjin da ya kumbura ya saki a hankali, na dama, sannan na hagu, kuma ko ɗigo bai zuba ƙasa ba.

Masu gida ashe ba su da nono.

Tun daga ranar kullum suna can kafin rana ta faɗi. Ruwa ya janye, fadama ta bushe aka shuka albasa, ba su fasa ba. Shi yana tsaye nesa kaɗan, don in ya matso ba a zuwa. Da shatin cizo Salomi take sanin girman 'yarta. Haƙora biyu, huɗu, shida. Wata rana ta dawo tana dariya tana hawaye, ta ce yau a tsaye ta sha, ta dafa mata gwiwa. Kwaji ya tambaye ta ko hannun da ɗumi. Ta ce da ɗumi. Ya sa ta maimaita sau uku a hanya.

Haka har damina ta zagayo, ta wuce, wani rani ya shigo.

Ranar wata Alhamis suka je kamar kullum. Salomi ta zauna a kan dutsenta, ta gyara riga, ta tallafo hannu. Rana ta faɗi. Aka kira salla aka idar. Masu albasa suka kashe injin ban ruwa suka hau baburansu. Sauro ya taso. Kwaji ya matso taku ɗaya, ya ƙara ɗaya, har ya tsaya a kanta, ba wanda ya hana shi.

Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, nonon yana ɗiga a kan ƙasa.

Ta dubi hannuwanta. Ta sauke su.

"Baban Divine," ta ce. "Sun yaye ta."